Akwatin Gashin Malam Bukar

Da safiyar nan aka buga min waya daga Haɗeja: Malam Bukar ya rasu.

Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya.

Shekara tara muka yi tare, tun ƙarshen shekarun tamanin, a wani ɗan ɗakin gwaji na masu kula da namun daji. In an kama fata ko wutsiya a kasuwa, mai kaya ya rantse ta akuya ce, mu ake kawo wa.

Malam zai shafa jan farce marar kala a kan gilas, ya kwantar da silin gashi ɗaya, in ya bushe ya ɗaga. Sawun da gashin ya bari shi yake dubawa a madubin likita mai ƙara girman abu. Na barewa daban, na akuya daban.

Ni ce mai sayo jan farcen. "Malama Saratu, rufa min asiri," in ji shi. "Da gemun nan zan tsaya gaban mai kayan kwalliya?"

Na taɓa dagewa cewa fatar da aka kama hannun wani dattijo daga Guri ta barewa ce. Malam ya gwada da samfuran akwatinsa, ya ce jar akuya ce. Saura kaɗan bakina ya ɗaure bawan Allah. Bai taɓa yi min gori ba.

Akwatin nan ne ya hana ni sukuni. Gashin dabbobin fadama ne a kan gilasai, wasunsu yau ko labarinsu ba a ji. Da aka rufe ɗakin gwajin ya tafi da shi gida. Kuma da ajami ya rubuta sunayen. Ga gashi ga ajami! Wanda bai sani ba zai ɗauka kayan tsibbu ne, ya cinna masa wuta.

Bara na je gaishe shi, idonsa ya tafi. Ya ɗora akwatin a cinya, ya ce, "Bayan damina ki zo ki ɗauka."

Na ce to. Damina ta wuce, ban je ba.

Na kira ɗansa sau uku, waya a kashe. Don Allah duk wanda ke kusa da gidan ya gaya musu: akwatin katako ne, ƙarƙashin gado, kar a taɓa. Gobe ina hanya.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya bai wa iyalansa haƙuri. Ku sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa min Allah ya sa in tarar da akwatin.