Layin da Ya Raba Titinmu

Karatuna a aji shida ya tsaya, a garinmu kusa da Maraɗi. Abin da na samu ya ishe ni in karanta takarda a hankali, ina bi da yatsa, in kuma ji tsoron abin da ban gane ba. Na yi shekaru ina dakon kwalayen kayan lambu a kasuwar Rungis, nan ƙasar Turawa, muna zaune a Clichy-sous-Bois, ni da matata da ɗiyarmu guda.

Kowace shekara jarida kan fito da jerin makarantu, daga wadda ɗalibanta suka fi cin jarrabawa har zuwa ta ƙarshe. Nakan saya, in yanke shafin da almakashi, in adana cikin jakar fasfo. Kolej ɗin unguwarmu, wato makarantar gaba da firamare, sai na kai can ƙasa nake samun sunanta. A ƙasar nan kuwa ba kai kake zaɓa wa ɗanka makarantar gwamnati ba, inda kake zaune ne ke zaɓa. Malamarsu ta firamare ta ce mini yarinyar tana da kan lissafi. Maganar nan ce ta hana ni sukuni. Da cewa ta yi ba ta da ƙoƙari, da na huta.

Shekarar da za ta gama firamare wani ɗan garinmu ya samo mini aiki a wani sito a birnin Lyon. Kafin in amsa sai da na nemi jerin makarantun can, na ja layi ƙarƙashin wata kolej da ke sama. Na je ni kaɗai, na ga yara suna fitowa daga wani titi a unguwar Guillotière suna nufarta da jakunkunansu. A titin nan na kama haya. Na duba famfo, na duba tagogi, na karanta takardar haya sau uku. Muka tashi ana tsakiyar shekara.

Da takardar rabon makarantu ta zo, sunan wata kolej na gani, ta ƙasan jerin. Na tafi ofishin ilimi ina cewa kuskure ne. Matar da ke wurin ta buɗe taswira ta nuna mini layi ya bi ta tsakiyar titinmu. Gidajen dama na waccan makarantar ne, na hagu na wannan. Mu muna hagu. Ban taɓa tunanin in tambayi wannan ba.

A tsallakenmu, ɓangaren dama, akwai wata Hajiya, dattijuwa mutuniyar Garwa, mai shagon man ja da busasshen kifi, tana zaune a saman shagon. Da matata ta ba ta labari, ta aiko aka kira ni.

"Malam, wannan ne ya ramar da kai? Ɗiyarka ai ɗiyata ce. A rubuta wajena take kwana, in sa hannu, ka sa hannu, ka koma ka ci tuwonka."

Na karɓo takardar shaidar wurin kwana daga ofis. A ƙasanta akwai layin da mutum ke rantsewa da mutuncinsa cewa abin da ya rubuta gaskiya ne. Nan alƙalamina ya tsaya. Na yi kwanaki tana aljihuna har ta yi laushi. Ina tunanin Allah, ina tunanin katin izinin zamana a ƙasar da za a sabunta, ina tunanin kada a zo bincike a ci mutuncin tsohuwa saboda ni. Na tambayi limaminmu, ya ce in dai da gaske tana kwana can, babu ƙarya. Na ce kwana nawa ke mai da shi gaskiya. Ya dube ni ya ce wannan kuma ba ya cikin littafi.

Sai na yanke da kaina: ta yi mako guda cur wajen Hajiya, sannan in sa hannu. Matata ba ta so ba.

"Baban yarinya, ka sa hannu yau. In akwai zunubi, a kaina."

Na ce mata ba a ɗaukar wa wani. Muka kai katifa da buroshin haƙori tsallake. Hajiya tana tsokanata, wai ko in kawo awon ƙafar yarinyar ma a rubuta. Kowace safiya ina ganin ɗiyata ta taga tana ɗaga mini hannu.

Makon ya cika ranar Lahadi. Litinin da sassafe na kai dosiye, wato takardun neman gurbin. Matar ofis ta ce tun Juma'a aka rufe karɓa. Ranar tana rubuce a bayan takardar, ni kuwa duk kwanakin nan layin rantsuwa kawai nake kallo. Ta sa mu cikin masu jira, ta maido mini da takardar. Ba a kira mu ba. Shekara ta zagayo na koma, aka ce aji ya cika.

Yarinyar ta tafi inda layi ya tura ta. Malaman lissafi suka yi ta canzawa, wani lokaci a yi makonni babu kowa. A hankali ta daina kawo mini littafinta in gani. Da ta gama aka tura ta sashen sana'ar da ba ita ta zaɓa ba. Sau ɗaya na so in ba ta haƙuri, ta ce, "Baba, bar shi kawai," ta ci gaba da wanke kwanuka.

Takardar tana nan cikin jakar fasfo tare da shafukan jarida, da sa hannuna da na Hajiya. Nakan fito da ita in sake karantawa. Har yau ban sami ƙarya ko ɗaya a cikinta ba.