Ƙarfen Gwiwar Baba Delmer

Gari bai gama wayewa ba na tarar da Verlon Stidham kwance rigingine a ƙarƙashin wata jita, tocila a baki, yana leƙen cikinta kamar yadda ya saba leƙen cikin motocin makaranta kafin ya ajiye aikin kanikanci. Na kawo masa ƙafafun jita ne da ya ba ni in yi wa walda. Bai gaishe ni ba. Da yatsan ƙafa ya nuna mini butar kofi.

Ni mai walda ne. Ban iya kiɗa ba, kuma ban cika yabon mutum ba sai na ga abin da hannunsa ya yi. Na Verlon na gani.

A nan gabashin Texas kowa ya taso da kukan jita mai feda a kunne, wadda ake kwantarwa kan ƙafa huɗu kamar tebur. Makaɗi na zaune, yana jan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyi, ƙafa na taka feda, gwiwa na tura wasu ƙarafa da ke rataye a ƙasa, kowane taki yana ɗaure wata tsirkiya ko ya sassauta ta. Na yanzu daga masana'anta suke fitowa, kusan duk iri ɗaya. Amma mutanen da suka fara abin, kowa da hannunsa ya haɗa tasa, da totur ɗin matacciyar mota, da wayar rataye riga, da birkin keke, kuma ba ka samun biyu da tsarinsu ya zo ɗaya. In mai jita ya rasu, 'ya'ya su sayar, mai saye ya kwashe kayan cikin ya zuba na zamani. Verlon ya ce wannan binne mutum ne karo na biyu.

Shi ya sa ya kori kajinsa, ya cika ɗakinsu da tsofaffin jitoci. Ba ya goge su. Ƙunar taba a jikin katako, nan take zama. Kowace sai ya koyi kaɗa ta da tsarin mai ita, ko da kiɗan bai yi daɗi ba, kuma sau da yawa ba ya yi. Matarsa Imogene takan ce kajin sun fi, don su da yamma suna yin shiru.

Wadda na same shi a ƙarƙashinta ta Delmer Yancey ce, tsohon makaɗin gidajen rawa na yankinmu. 'Yarsa ce ta kawo ta kyauta. Komai nata yana aiki, ban da ƙarfe ɗaya na gwiwar hagu, wanda wayarsa ta tsinke ta ɓace. Tsirkiya goma ce, ba a san wadda ƙarfen yake ja ba. Na ce ya ƙulla shi a ko'ina mana, wa zai sani? Ya cire tocilar daga baki ya ce in ya yi haka, jitar Verlon ce za ta zama, kuma duniya ba ta rasa komai ba in babu jitar Verlon.

Baba Delmer yana da rai, ya haura casa'in, yana gidan kula da tsofaffi. Sai dai ƙwaƙwalwa ta tafi. Wata rana ko 'yarsa ba ya shaidawa, kuma kullum abin gaba yake yi. Da Verlon ya je ya tambaye shi batun ƙarfen, labarin wani alfadari ya ba shi. Verlon ya dawo ya ce ƙwaƙwalwa ce ta manta, gwiwa ba ta manta ba. Muka ɗora jitar a bayan a-kori-kurata.

A ɗakin cin abinci muka kafa ta. Aka turo tsohon a keke, Verlon ya sa masa farcen ƙarfe a yatsu, ya danƙa masa guntun ƙarfen. Nan take hannuwan suka sauka inda ya kamata, ƙafar hagu ta lalubo feda. Sai ya tsaya. Muka jira. Verlon ya roƙe shi, ya lallaba shi, har ya kai hannu zai taɓa tsirkiya don ya tuna masa, tsohon ya make hannun. Nas ta fara duba agogo, ana ta jera farantan wake da burodin masara. Na ce wa Verlon mu kwashe, ina da tirela tana jirana a shago.

Sai Baba Delmer ya dubi filin da ke gabansa, inda babu kowa, ya ce, "Wai mawaƙin nan ya sake buguwa ne? Tun ɗazu muke zaune."

Verlon ya dafe kai. Mai jitar feda ba ya fara waƙa. Aikinsa amsawa ne: mawaƙi ya ja baiti, ya tsaya numfashi, jita ta cike gurbin. Kowane yaro a garin nan ya san haka. Amma Verlon ya daɗe yana kiɗa shi kaɗai a ɗakin kaji, har ya manta ana yin abin da mutane.

Verlon ya waiga neman mai rera waƙa, nas ta ce ita ba da ita ba. Ni ko kallona bai yi ba, ya san amsar. Dole ya cire hula, ya tsaya a filin da kansa. Muryar Verlon kuwa, a coci fasto ya taɓa roƙonsa ya riƙa motsa baki kawai. Ya ɗauko wata tsohuwar waƙar yabo mai jan hankali, yana gurzarta kamar zarto a kan kwano.

A ƙarshen baitin farko jitar ta amsa. Tsofaffin matan da ke cin abinci suka ajiye cokula. Ni ba mai kunne ba ne, amma na ji yadda tsohon ke bin muryar nan yana rufa mata asiri, inda ta karkace ya tallafe ta. Da aka zo inda waƙar ke gangarowa, na ga gwiwar hagu ta tura. Ba abin da ya faru. Ya sake turawa, ya haɗe fuska.

"Wane ɗan banza ne ya taɓa mini tsirkiya ta shida?"

"Me take yi, Kawu?" in ji Verlon.

"Sauka take yi, sakarai. Kai dai ci gaba da kashe waƙar."

Ya kai hannu ya murɗa makunnin tsirkiyar da kansa, ya sassauta ta daidai inda yake so, ya kaɗa. Verlon ya zaro waya daga aljihun baya, ya shige ƙarƙashin jitar bai daina waƙa ba. Haka aka ƙarasa baiti na uku, mawaƙi a kwance a ƙasa, takalmansa kawai ake gani, ni ina haska masa tocila. Da aka maimaita wurin, gwiwa ta tura, tsirkiya ta sauka da kanta, tsohon ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Da za a mayar da shi ɗaki ya kamo hannun rigata, ya ɗauka ni ne mai gidan rawar. "Maigida, jitar ta gyaru. Amma in ba ka sauya wancan mawaƙin ba, kada ka sa raina ran Asabar."

Verlon ya ɗauki maganar a matsayin alkawari, tunda akwai sauran feda huɗu da yake so ya ga yadda tsohon ke haɗa su. Ni a makon na samu aikin bututu a Oklahoma, na tafi. Ganina na ƙarshe da shi a bakin kantin kayan miya ne, yana biye da Ozella Crume, shugabar mawaƙan coci, rungume da buhunan cefanenta. Yana roƙonta ta je ta yi wa tsohon waƙa, tana dariya tana cewa ran Asabar wanki take yi. Ya jera mata kayan a mota, ya buɗe ƙofar baya, ya shiga ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa.