Ranar da Na Kunna wa Tsohon Gidanmu Majigi

Ko tsufa ya ruɗa ni, ba na jin zan manta da wata la'asar a unguwar Al-Badi'a, a watana na uku a Riyadh. Direba aka ɗauke ni, aikina kai mahaifin kafilina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, asibiti. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗaure wa tsohon harshe, abinci ma sai da lallami. Ni kuwa Larabcina bai wuce gaisuwa ba. Wani ɗan Maraɗi mai gadin gidan ya tsegunta mini cewa ana shirin sallamata a kawo mai jin yare. Ga iyali na baro a Kano.

Rannan aka ce in kwashe tarkacen wani ɗaki in zubar. Na tarar da shi maƙil da gwangwanaye masu faɗi kamar faifai. Ina ɗaga na farko, tsohon, da ke kusa da ni a keken guragu, ya hau dukan hannun keken. Mai gadin ya ce finafinan barkwanci ne na da, marasa magana. Tun tsohon yana saurayi yake tara su, har ƙasashen waje yake aikawa a nemo masa, don wanda ya lalace da wuya a sami madadinsa.

Na hango majigi a lungu, na jawo shi. Da nuni tsohon ya koya mini zura zaren fim ɗin, sau uku ina kuskurewa. Can bango ya haska. Ga wani siririn mutum da tsani a kafaɗa, duk inda ya juya sai ya make wani mai tumbi, shi kuma bai ma sani ba. Dariya ta ƙwace mini. Sai na ji wata a gefena, dusasshiya, tana fita da ƙyar.

Ashe kafilina na tsaye a bakin ƙofa. Ya yi magana, mai gadin ya fassara mini: "Tun da ya kwanta ban ji dariyarsa ba. Khalas, shi ke nan, a bar kayan nan. Gobe ma ka kunna masa."

Da aka kawo shinkafa, tsohon ya cinye.

Shekara shida na yi a gidan, kusan kullum bayan la'asar muna gaban bangon nan. Har tsohon ya rasu ba mu taɓa hirar minti ɗaya ba, amma ban yi aboki kamarsa a ƙasar ba. A wurinsa na koyi cewa kafin ka kira abu tarkace, ka fara duba fuskar mai shi.