Kaza da 'Ya'yanta a Kan Tsohon Garinmu

Ban taɓa shan wahalar banza irin ta hoton nan ba. Ni masunci ne, aji uku na yi na bari, me ya haɗa ni da kyamara?

Kakata Tumba ce ta jawo. Muna yara, kafin dam ɗin Kainji ya cinye tsibirinmu, a bakin wutar bandar kifi take mana tatsuniya, hayaƙi na sa mu hawaye. Sai ta nuna taurarin nan da ke cure wuri guda.

Wai kazar a tsibiri take da 'ya'ya bakwai. Ruwa ya taso da dare, ta tattara shida, autan ya ɓace cikin ciyawa. Ta ƙi tashi, tana ta kira har ruwa ya kai mata wuya. Allah Ya ji tausayinta Ya ɗauke su sama. "Shi ya sa take ƙyafta ido," in ji Kaka, "ƙasa take dubi har yau."

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato idonta ya mutu, sai abin da ke gaban hancinta take gani. Ta ce mini, "Maigida, kai da ba ka iya cefane, ka iya kawo min Kaza in gani? Amma daga saman garinmu, ba wanga tudun da gwamnati ta maido mu ba."

Wani mai hoto a Yelwa ya ara mini kyamara, ya ce in bar idon kyamarar buɗe ya daɗe, kada ta motsa. Da dare na tuƙa har kan tsohon garin, na ɗaure ta a goshin jirgi. A wurina jirgi tsaye yake cak, a cikinsa na girma.

Da aka wanko hoton, fararen zane-zane ne kawai, kowanne ya kama gabansa. Ta manna shi a fuska ta daɗe.

"Sun watse," ta ce. "Har shidan ma?"

Na ce laifin jirgi ne. Ba ta saurare ni ba. Ga Kaza ta faɗi yamma, ba za ta dawo ba sai damina ta kama, Kaka kuwa tari ya ci ƙarfinta.

Da ina ɗauka labarin na jinƙan Allah ne. Yanzu da furfura ta fito mini, autan nan nake tunawa, wanda ba a ce an tsamo shi ba. Mu ma an kwashe mu, kaburburan iyayenmu na ƙarƙashin ruwa.

Washegarin ganin hoton na goya ta zuwa jirgi, na kai ta wurin. Ta tsoma hannu a ruwa, ta shiga kiran sunaye.