Buhu Mai Hannu Biyu

Ranar Talata ce. Na tashi da asuba na dafa shayi, Inna mahaifiyata tana zaune bakin ƙofa tana mita wai na cika sukari. Mijina Garba ya riga ya tafi kasuwar raƙuma. Garinmu ƙarami ne a gabashin Cadi, kan tsohuwar hanyar alhazai. Kakannina daga Kano suka taso a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a nan. Inna ba ta taɓa yarda zama muka yi ba, kullum cewa take hutawa muke. Likkafaninta na ninke a ƙasan akwati, ta ce a Madina za a sa mata shi.

Shekarar fari ce. Manyan motoci kan zo da buhunan dawa daga Amurka, kowane buhu da hoton hannu biyu suna musabaha. Dawar ja ce, tuwonta ba daɗi, amma mun ci mun gode. Buhunan ma ba mu yar ba, da su muke rumfa da shimfiɗa. Muna da tsarinmu na layi. Da an ji ƙugin mota, tsofaffin mata ke fara fita, kowace ta ajiye kwanonta a ƙasa gaban makaranta. Kwanonki shi ne gurbinki, kuma ba mai tsallake kwanon tsohuwa.

Wajen ƙarfe goma muka ji ƙugin. Maƙwabciyarmu ta leƙa ta katanga ta ce ga buhuna masu hannu biyu jibge a motocin. Inna ta suri kwanonta, ko mayafi ba ta gyara ba. Na ce ta jira in sauke tukunya. Ta ce in na gama sarautata na same ta.

Buhunan su ne, amma yashi ne a ciki. Mayaƙan wani ɓangare da ke neman mulki suka jera su a gefen motoci, suka kafa bindigogi a bayansu. Sun shigo gari suka ga mutane na rugowa wajensu. Ban san abin da suka zata ba, ban kuma damu in sani ba.

Wani ya daka tsawa da Larabci: "Ku koma!" Bai rufe baki ba harbi ya fara. Ba irin na mafarauta ba ne, wannan ba ya tsayawa. Ina jin kwanoni suna gangarawa a kan tsakuwa.

Da motocin suka wuce wajen kasuwa, na fita da rarrafe. Na sami Inna kwance, jini na zuba daga cikinta. Garba ya iso ba takalmi. Kafin azahar wuta ta cinye gidajen layinmu kaf, har da akwatin Inna. Muka yage buhu daga rumfar wani mai shayi muka ɗora ta a kai, shi gaba ni baya.

A bakin gari akwatunan harsashi na zube, an fasa an yar. Malamin makaranta da ke gudu tare da mu ya duba rubutun jikinsu, ya ce daga inda dawa ke zuwa suke. Ya ce Amurka da mutanen Libiya take rigima, so take a ɗora wanda zai ji maganarta kan mulki, mu ko sunan garinmu ba ta sani ba. Wata da watanni ina tuƙa tuwonsu ina sa musu albarka.

Muka bi busasshen rafi, muna ɓuya duk lokacin da muka ji inji. Inna ba ta yi kuka ba. Bayan la'asar ta buɗe ido ta tambaye ni ina muka nufa. Na ce gabas, wajen Sudan.

"To," ta ce, "mun tashi ke nan."

Washegari da hantsi ta cika. Babu ruwa, taimama muka yi mata. Babu farin ƙyalle ko taƙi ɗaya a cikinmu. Na juya buhun ciki ya koma waje don kada hannuwan nan su fito, amma tawadar ta riga ta ratsa. Haka muka rufe ta.

Daga baya kawun Garba, mai aiki a gonar dabino a unguwar Awali ta Madina, ya yi mana hanya muka zo Madina. Nan nake zaɓar dabino yanzu. 'Ya'yansa haifaffun nan ne, ka yi musu Hausa su amsa da Larabci. In muka bi ta titin Sultana sai su riƙa nuna mini dogayen motoci: "Amrikiyya, ya khala!" Wai na Amurka ne, goggo. Shinkafar Amurka ce dai ba ta shiga tukunyata, ko kyauta ce.

Ranar Juma'a nakan tsaya a bayan katangar Baƙi'a, maƙabartar da Inna ta yi shekaru tana ambata. Mu uku muka baro gida. Wadda ta fi mu son zuwa tana can a bakin wani rafi da ban san sunansa ba, cikin buhun dawa.