Sakiyar da Aka Yi wa Ƙanwata

Cikin ƙanwata ya fara girma ne da damina, bayan ta daɗe da yaye autanta. Matan ƙauyensu, can gaba da Zakka a ƙasar Safana, har barka suka yi mata. Ni da na je na gan ta na ce wannan ba cikin haihuwa ba ne. Wuya ya rame, ido ya faɗa, loma biyu ta ce ta ƙoshi. Na ɗauko ta zuwa gidana a Batsari, daga nan muka wuce asibiti a Katsina.

Likita ya ce ciwon daji ne a inda ƙwan haihuwa ke fitowa, kuma ruwa ne ya taru ya cika cikin. Aka fara ɗura mata magani ta jijiya, a huta makonni a dawo, kuma kowane zuwa sai an ɗebi jini. Ni da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, jikoki na yi mini dariya, don haka tambaya ba ta ba ni kunya. Na ce, "Likita, jinin nan da kuke ta zuƙa, me yake gaya muku?"

Ya ce, "Mama, in jiki na fama da wani abu, yakan bar alama a jini. Akwai fararen ƙwayoyi masu tayar da kumburi da zafi, akwai masu farautar cutar kanta. In na farko suka rinjayi na biyu sosai, mun lura masu irin ciwonta ba su cika yin nisa ba. Nata ya hau, amma bai kai inda zan fid da rai ba. Roƙona ɗaya, kada ta samu miki. Miki zai ƙara tayar da alamar, kuma ba zan sa wannan magani a jikin da ke ruɓa ba."

Na maimaita wa mijinta wannan magana har ya gaji da ni. Ya ce to, Yaya. Da kaka ta yi ya zo ya tafi da ita gida, wai ta ga 'ya'yanta kafin ɗurin gaba. Sai 'yan bindiga suka tare hanyar, babu mai mashin da zai yarda ya bi. Ranar da aka ce hanya ta yi sauƙi na hau na tafi ɗauko ta.

Da hantsi na isa. Tun daga zaure na ji ƙauri, irin na babbakar kan akuya. Na ce a raina wa ya yi yanka? Sannan na ji muryarta. Ba kuka ba ne, gurnani ne.

A tsakar gida suka kwantar da ita kan tabarma, kusa da tarin gyaɗar da ba a gama tsinkewa ba. Uwar mijin ta danne kafaɗu, mijin ya zauna kan ƙafafunta. Tsohon wanzamin garin na tsugune da kasko cike da garwashi, ƙarfe mai tsini irin na kibiya ya yi jawur a ciki. Sakiya. Abin da ake yi wa maruru ko kumburin da ya ƙi fashewa, a soka ƙarfe mai zafi mugun ruwa ya fita. Sun ga ciki ya cika da ruwa, suka ce ai wannan aikin gida ne. Ya riga ya soka ta ƙasan cibiya, wani ruwa kamar na tsamiya yana gangarowa ta kwiɓinta, ya ɗauko ƙarfen zai ƙara.

Ban yi sallama ba. Ban ma san lokacin da na kama ƙarfen da hannuna ba. Na ji fatar tafina ta yi cuu, na fizge na wurga shi bayan danga. Na shuri kaskon, garwashi ya watsu kan ƙafafun tsohon, ya yi tsalle yana salati.

"Ke wace irin mahaukaciya ce? Ni na yi wa kakanki aski!"

"To ka je kabarinsa ka yi masa sakiya!"

Mijin ya taso ya kwaɗa mini mari, ɗankwalina ya faɗi. Akwai taɓarya jingine da turmi. Na ɗauka da hannun da bai ƙone ba na sauke masa a kafaɗa, na sake ɗagawa na samu gwiwarsa, ya durƙusa. Ya kamo zanina, na kafa masa haƙori a hannu har na ji gishirin jini a bakina. Maƙwabta suka ɓarko ta kan danga, maza na riƙe shi, mata na riƙe ni, tsohuwa na ihu wai na zo kashe mata ɗa a gidansa.

Ƙanwata ce ta raba mu. Da ƙyar ta ce, "Yaya, ni na ce su yi. Numfashi nake nema."

Na ɗaura mata zani mai tsabta a wurin, na goya ta kamar jaririya har bakin hanya, aka samo motar a-kori-kura.

Kafin mu kai ga likita zazzaɓi ya rufe ta. Hujin ya yi mugunya, ruɓar ta shige ciki. Aka ɗebi jini, alamar ta haura inda ba ta taɓa kai ba. Ya ce yanzu ba zai iya bambance wanne ne na miki, wanne ne na ciwon ba. Ɗuri kuwa babu shi sai miki ya warke. Aka yi ta allura, aka yi ta wanki, ni da ita ana canja mana auduga a ɗaki ɗaya. Tafina ya kame. Cikinta bai kame ba. Ba a sake ɗura mata maganin ba har ta cika.

Na tare likitan a baranda na ce, "Ka gaya mini gaskiya. Da ba su soke ta ba, da ta tashi?"

Ya kalli hannuna. Ya ce, "Jininta tun farko bai ba ni daɗi ba, Mama. Amma na ga masu irinsa da suka yi shekaru. Ban sani ba."

Ni na yi mata wanka. Uwar mijin ce ke zuba mini ruwa, don hannuna bai riƙe buta tukuna. Da muka zo kan hujin ta tsaya. Ta ce, "'Yar nan, wallahi so muka yi ta tashi."

Na ce, "Na sani, Inna. Zuba ruwan."