Ɗakin da Ake Ganin Lamer

A gidan likita na Dogon Dutsi, idan mace ta kai yaro awo, ba a kiran sunanta. Ma'aikacin yakan leƙo ya ce "lamer", ma'ana uwa, sai ta miƙe. Nan na koyi kalmar. Matar lokotoro, wato likita Bature, da nake yi wa renon ɗanta, wadda muke ce wa Madam, ita ma haka take kirana, don ina goye da ɗiyata.

Da lokacin komawarsu gida ya yi, aka ce in raka su har Kwatano, in riƙe yaron kafin jirgin ruwa ya zo. Madam cikinta ya tsufa. Ɗiyata kuwa ba ta daɗe da tashi daga ƙyanda ba, nono kawai take karɓa, shi ma sai da lallashi.

Mun isa da hantsi. Lokotoro ya wuce wajen masu jirgi, ya bar Madam kwance a gidan wani abokinsa wanda ba shi da wurin baƙi. Ta kira ni, da direbanmu, wani dattijo ɗan garin Kore Mairuwa. Da guntuwar Hausarta ta ce akwai otel biyu masu kyau a bakin ruwa, mu je mu duba, ni na san abin da yaro ke so. Ta ɗaga yatsa: "Ɗaki, taga, ni gani lamer."

A mota na ce, "Baba, mi tac ce?"

"Ke da ke kwana da su ke tambayata? Ni faransancin mota na iya. Tana son ta riƙa ganinki dai. Kin zama madubi."

Abin ya ɗaure mini kai. A Dogon Dutsi ba ta taɓa damuwa da inda nake zama ba. Na ce ko ciki ne ya kawo mata tsoro.

Otel na farko fari ne ƙal, da bene, da fanka tana juyawa ita kaɗai. Wani mai farin kaya ya hau da mu sama, ya buɗe taga da alfahari, ya miƙa hannu ya ce, "Lamer!"

Na leƙa ina neman matar. Babu kowa, sai rairayi da ruwa, ruwan da bai da ƙetare, yana tasowa yana faɗuwa yana ja da baya, ba kuwa iska ake yi ba. A garinmu ko tafki ba a juya wa ƙofar ɗaki, an san masu zama ciki. Na ja zane na rufe kan ɗiyata.

"Baba, ina take?"

"Wa?"

"Uwar da ya ce."

"Ƙila ta shiga wanka. In ko nan ta shiga, Allah shi jiƙanta."

Sai mutumin ya lura da goyona. Ya nuna ta, ya kaɗa yatsa, ya yi magana mai tsawo. Mai gadinsu da ke jin Hausa ya fassara: mai reno za ta iya wuni a nan, amma goyonta a'a. Sai in kai ta zango, can cikin gari, in bar ta wajen mata har yamma. Wadanne mata? Ban san kowa ba. Ɗiyar da ko ruwa ba ta karɓa a hannun wani. Na sauko benen.

Na biyun ma a bakin ruwan yake, ya ɗan tsufa, amma akwai furanni da kujerun kwanciya a gaba. Nan ma aka buɗe mana taga, nan ma aka ce lamer, nan ma ba kowa. Na fara zaton ko wata baƙuwa ce da duk garin ke jira.

Muna fitowa ta baya na ga tsakar gida: rijiya, igiyar shanya, itacen mangwaro, wata mata tana wanki da yaro a bayanta. Akwai kuma wani mai wanki namiji, Basakkwace. Na gaishe shi, na ce ko ana barin goyo a nan.

"Wa zai hana? Ga tabarma can."

"To akwai ɗakin da tagarsa ke duban nan?"

"Akwai, amma Turawa ba su sonshi, ɗiyata. Gaba suka so."

"Tamu ita nan ta ce."

Ya dube ni, ya dubi direba. Direba ya ce, "Kak ka dube ni, ita a mai zaɓe."

Da la'asar aka kawo Madam. Na riga na shimfiɗa tabarma daidai tagar, na zaunar da ɗanta a gefe, na gyara ɗaurin kallabi. Tagar ta buɗe. Ta dubi rijiya, ta dubi wandunan da ke shanye, ta juya tana tambayar lokotoro, "Lamer?"

Na ɗaga hannu na ce, "Ga ni, Madam."

Sai lokotoro ya fashe da dariya har yana dukan katakon taga. Madam ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa, ban san ko kuka take ba. Shi da ya fi ta Hausa ya leƙo ya ce mini ruwan nan ma sunansa lamer. Na ce to uwar wa? Ya ce ba uwar kowa ba ce, suna ne kawai. Ban gane ba, har yau kuma ban gama ganewa ba.

Ya ce gobe za su koma na farkon. Na sunkuyar da kai, na ce to a ba ni hanyar zango in je in roƙi matan. Madam ta tambayi abin da na ce, ya faɗa mata. Ta daɗe tana kallon ɗiyata da ke tsotso ido a rufe. Sannan ta ce ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya hawan bene.

A ɗakin suka zauna har jirgi ya zo. Kafin mu juyo gida, ɗiyata ta fara karɓar kunu a ƙarƙashin mangwaron.